Waken Inna da Farin Ɓera

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa shiri da ɓera ba. Sai ga ni na shigo gidanmu na Ƙofar Jatau da keji biyu na fararen ɓeraye, don an tafi yajin aiki an rufe ɗakin bincike, in na bar su can yunwa ta kashe su, aikin digirina ya bi ruwa.

"Shekara da shekaru kina karatu, ashe kiwon ɓera ake koya miki?" in ji ta.

Bincikena a kan fiya-fiya ne, maganin ƙwarin nan, yadda yake lalata hanta da ƙoda. Keji ɗaya na cin wake mai tsabta, ɗayan na cin wanda aka sa wa magani. Inna kuwa duk kaka sai ta yayyafa shi a buhun waken da za mu ci har damina. Na yi magana har na gaji, amsarta ɗaya: "Tun yaushe muke ci, wa ya mutu?" Abin yana ci mini rai, don ita da ƙannena ke cin waken nan.

Sannu a hankali ta fara leƙa kejin, wai tana duba ko sun tsere. Akwai wani mai yagaggen kunne, da ya ji takunta sai ya miƙe tsaye. Rannan na kama ta za ta ba shi ƙuli-ƙuli, na hana, ta ce ba ni da imani.

Kwanci tashi mai yagaggen kunne ya rame, gashinsa ya tashi, ya daina miƙe mata.

"Ke, me kike ba bawan Allahn nan?"

"Wake, Inna. Ko magani ban saya ba, daga buhunki nake ɗiba."

Ta tsugunna gaban kejin tana kallon ɓeran. Washegari ta sa aka haƙa rami aka binne buhun. Sabon wake kuwa da toka da barkono ta adana shi, kamar yadda mahaifiyarta ke yi.

Ɓeran ma ƙwace shi ta yi, na yi ta ba malamina haƙuri. Ya murmure da ƙuli-ƙuli, ya yi ƙiba. Har yau in maƙwabta suka tambaye ta wa ya raba ta da fiya-fiya, ba ta ambatona, sai ta ce ɓeranta ne.