Tafasar Hanyar Digil

Uwata ba ta taɓa sa ganye a tukunya ba sai ta san gonar da ya fito. In an kawo mata yakuwa ko lalo, kafin ta taɓa sai ta tambaya: na wa ne, wa ya tsinka, an gaya wa mai gonar? A lokacin ladabi ne kawai. Ni ma haka na tashi, har 'ya'yana suna cewa ina yi wa miya tambayar alƙali. Yanzu da kowane manomi yake goye da tankin feshi, abin ya wuce ladabi.

Wata damina cikin matar autana ya tsufa. Yarinyar ta sha ɓari kafin wannan, don haka ko tsintsiya ba na barin ta ta sunkuya ta ɗauka. Sai kwaɗayin miyar tafasa ya kama ta, irin wadda nake yi: a tsinki kan ganyen mai taushi, a dafa da ruwan toka, a zubar da ruwan farko, sannan a sa gyaɗa da mbuja, daddawar nan da muke yi da 'ya'yan yakuwa. Na ce ta yi haƙuri, matar da nake saye a hannunta ba ta shigowa sai ranar kasuwa.

Washegari na tafi gaisuwar rasuwa a Kwaja. Da na dawo bayan azahar, tun daga zaure na ji ƙamshin mbuja. Na tarar da matar autan nawa tana suɗe kwano, tana murmushi.

"Dada, na rage miki. Ɗanki ne ya kawo ganyen."

Ragowar ganyen na nan a faifai. Tafasa takan haɗe ganyenta in rana ta faɗi, kowa ya san wannan. Amma ga rana ba ta faɗi ba, waɗannan sun nannaɗe, da ɗigo-ɗigon rawaya kamar an yarfa musu ruwan zafi. Na shinshina, ban ji komai ba, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba.

"Kin zubar da ruwan farko?"

"Na ga ganyen ƙanana ne."

Autan nawa keke napep yake tuƙawa, yana kwance a ciki a ƙofar gida. Na tashe shi.

"Ina ka samo?"

"Hanyar Digil. Na sauke fasinja, na gan ta ta yi kyau a bakin wata gona."

"Gonar wa?"

"Haba Dada, ciyawa ce fa. Allah ne ya shuka ta."

"To Allah ne yake yi mata feshi?"

Ya tashi zaune. Na roƙi maƙwabciyarmu ta kai yarinyar asibiti, ni kuma na ce ya kai ni gonar, domin na san za a tambayi wane magani ne, kuma ba mu da amsa. Muka kama hanya. Ni ina ta tuna yadda ta suɗe kwanon.

Gonar masara ce, ta gangara zuwa mayo, wato rafi. A bakinta an kafa sanda, an kifa wata farar roba a kai.

"Ka ga wannan da ka zo?"

"Na gani. Na ɗauka na korar tsuntsu ne."

Duk macen da ta taɓa fita neman ganye ta san robar magani a kan sanda tana nufin kada a tsinka, kada akuya ta ci. Shi ɗan gari ne, ni na haife shi a gari, ban taɓa kai shi gona ba.

Wata mata ta fito daga cikin masarar da fartanya, mutuniyar duwatsun Michika ce. Na gaishe ta, na gaya mata abin da ya kawo mu.

"Mama, jiya maigida ya yi feshi. Daga sanda zuwa sama ya yi. Ƙasa wajen mayo ba ya taɓawa, ni ma a nan nake ɗiban na miya." Ta juya ga ɗana. "Kai mai keke, sama ka tsinka ko ƙasa?"

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Bai sani ba.

Sai muka sunkuya ni da ita muna bin tafasar ɗaya bayan ɗaya, muna neman inda aka karye kai. Gwiwata na ciwo, ban kula ba. Ita ta fara gani. Tsinkar namiji ce, ya fizgo har da reshe. A ƙasa da sandar take, amma daf da ita, in ka miƙa hannu za ka taɓa robar.

Na ce alhamdu lillahi. Matar kuwa tana juya wani ganye a hannunta.

"Jiya akwai iska, Mama. Ta nan ta bi."

Ta zare robar daga sandar ta sa mini a hannu, ta ce in kai wa likita, za ta kafa wata.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta karanta jikin robar, ta saurari cikin, ta ce zuciyar ɗan tana bugawa daidai. In an ga amai ko ciwon mara a dawo da ita. Na ce, in ba a gani ba, shi ke nan? Ta ce mu dai sa ido.

Ba ta yi amai ba. Amma har ta sauka, kullum da safe sai na ɗora hannu a cikinta, ba na ɗagawa sai na ji motsi. Mace aka samu. Na duba yatsunta, na duba cikin bakinta, na tafa hannu kusa da kunnenta ta firgita.

Yanzu tana gudu ko'ina a tsakar gida. Maganarta ce ba ta fito sosai ba tukuna. Kowa yana cewa ubanta ma haka ya yi jinkiri, kuma gaskiya ne, na tuna. Ni dai ina kallon bakinta.