Mai Saka Hoton Manya a Firam

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana, Hamma Bello, kafinta a Nassarawo cikin Jimeta. Na tuna shi ne da na ji ana ta muhawara a rediyo kan shugabannin da 'yan ƙasa suka fi ƙauna. Kowa na rantsuwa da gwaninsa. Ni kuwa, tun da na tashi kusa da Hamma, ban cika yarda da irin wannan ƙauna ba.

Aikinsa saka hoto a firam. Lokacin samun 'yancin kai babu shago ko ofis da bai kawo masa hoton wani babba ba. Da soja suka karɓi mulki aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, sai sababbin hotuna suka riƙa zuwa daga Maiduguri, kuma Hamma ya samu aikin canza su a ofisoshin Yola. Da wannan aiki yake ciyar da gidanmu, har da ni da nake makarantar horon malamai. Mutanen da suka rungumo hoton nan jiya, su suka dawo da shi a kife, suna cewa a cire amma a kula da gilashin. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Hamma ba ya cirewa. Sai ya ɗora sabon a kan tsohon, ya mayar da kwali, ya buga ƙusa. Wata rana firam ya faɗo a wani ofis, fuskoki biyu suka zubo ƙasa. Babban akawu ya kira shi, ya ce ya bi ofisoshi ya yayyage tsofaffin, ko a ba wani aikin.

Hamma ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce in saka sabo. Ba wanda ya ce in yaga tsoho."

Aka karɓe aikin. Na yi fushi da shi ƙwarai, don ban ga abin da takarda ta yi mana ba. Ya koma gyaran tagogi da kujerun makaranta har tsufansa.

Bayan shekaru wani masinja ya zo shagon Hamma neman hoton ɗaya daga cikin tsofaffin shugabannin. Bai yi zancen jawabinsa ko jam'iyyarsa ba, cewa ya yi mutumin ya bar duniya bai tara komai ba. Hamma ya riƙa cewa ƙaunar da ya yarda da ita ke nan: wadda ta zo bayan babu abin samu.

Da a ce ya ga yau, da fastocin 'yan siyasa suka rufe katangun unguwar Karewa, wani kan wani, zai tambaya wa ya biya kuɗin manne su kafin ya tambaya wa ake so. Har shi kansa ban bar shi ba: nakan ce ko dabara ce, yana jiran tsofaffin su dawo. Sarki goma, zamani goma. Amma mai dabara ba ya sayar da abincin gidansa a kan takarda.

Ranar sadakar uku ta rasuwarsa muka birkice shagonsa muna neman hotonsa. Mun sami fuskokin manya da wasu suka cire ya adana, cike da akwati, babu wadda ta yage. Tasa kuwa ko ɗaya babu. Har yau jikokinsa sukan tambaye ni kamanninsa, sai dai in ba su labarin ranar da ya ƙi yaga hotunan.