Sakataren Kowane Kwamiti

Shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa a jami'a, amma ko mai gadin ƙofa Sakatare yake kirana. Ni na jawo wa kaina. A taron farko da na zauna, shugaban sashenmu ya leƙo littafina ya ce, "Kai, wannan rubutu kamar na inji! Riƙe mana bayanin taro." Nan take kaina ya kumbura.

Shi ke nan fa. Kwamitin jarrabawa ni ne, na jadawali ni ne, har na gyaran banɗaki. Abokan aikina suna ɗakin karatu suna rubuta maƙalu, ni ina bin ofis-ofis da fayil a hammata ina neman sa hannu. Maiɗakina ta sha tambayata, "Malam, wai takardun nan da kake wuni a kansu, akwai mai sunanka a sama?" Sai in ce ba ta san aikin jami'a ba. Ashe ni ne ban sani ba.

Saura shekara uku in yi ritaya na nemi ƙarin girma zuwa babban malami, damata ta ƙarshe ke nan. To wa ye sakataren kwamitin da zai duba? Ni. Da aka zo kan fayil ɗina aka ce in ɗan fita. Na tsaya a baranda ina kallon wata busasshiyar shukar fulawa a tukunya. Da na dawo, shugaban taron ko kallona bai yi ba, ya ce, "Rubuta: maƙala huɗu, ana bukatar goma. Ba a amince ba."

Na rubuta. Har na ja layi a ƙasa da rula, kamar yadda na saba. Wallahi abin ya ci mini rai, kwana biyu ban iya haɗa ido da maiɗakina ba.

Shi ya sa da aka ɗauki wata tsohuwar ɗalibata aiki, na ja ta gefe. Na ce, "'Yata, koyarwa ki yi ta da gaske. Amma in an nemi mai riƙe bayanin taro, ki ce bironki ya ƙare. Ki rufe ƙofa ki yi bincikenki."

A taro na gaba shugaban sashe ya nuna ta. Ta ɗaga biro ta ce, "Ayya, ranka ya daɗe, ya ƙare."

Kowa ya juyo wajena. Ni kuwa na riga na fito da rula.