Ranar da Na Ƙi Yi Wa Ƙanena Shaida

Ranaku da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko an tsare ni ba zan iya tuna su ba, amma ranar da muka zauna rabon gadon mahaifinmu a unguwar Makera ta Kaduna ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce. Gari ya cika da fastocin 'yan takara, kowa na zancen an kusa shan iska, mu kuwa muna zaman makoki.

Mu uku Baba ya bari: ni babba, sai ƙanena mai bi mini, sai autarmu mace da ke aure a Zariya. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Baba ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ƙarfinsa ya ƙare, kuma abin da ya bari bai wuce gidan da muka tashi a ciki ba, da shago guda a ƙofar gidan, wanda wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur yake haya.

Ni malamin firamare ne. Ƙanena kuwa bai yi nisa a boko ba, ya bi motar haya har ya zama direban tankar mai, yana lodi a Rido, inda matatar mai take. Yakan yi sati biyu a hanya, in ya dawo ya shigo da buhun shinkafa a kafaɗa, Baba ya riƙa sa masa albarka da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ni da nake zuwa kullum bayan makaranta in kai shi asibiti, in wanke masa kaya, ban cika jin irin wannan albarkar ba. Yanzu da na girma na gane cewa wanda ake gani kullum ba a cika yi masa godiya da baki ba. A lokacin kuwa abin yana ci mini rai, ban gaya wa kowa ba.

Shagon nan ƙanena ne ya gina shi da guminsa. Na fi kowa sani, domin ranar da zai tafi wata doguwar tafiya ni ya damƙa wa kuɗin a leda, ya ce, "Yaya, ka saya mini bulo da siminti, a yi shago a gaba. Baba ya riƙa cin hayar, ni kuma in na gaji da hanya in samu wurin zama." Ni na nemo magini, ni na tsaya har aka ɗora kwano. Ba mu rubuta komai ba. Wa zai nemi takarda a hannun wansa?

Bayan addu'ar arba'in muka zauna a tsakar gida, da limamin unguwarmu da dattawa biyu abokan Baba. An riga an yarda za a sayar da gidan, tunda ba wanda zai iya biyan sauran ya riƙe. Mai saye ma ya fito, kuma shagon ne ya fi ja masa hankali saboda yana bakin hanya.

Liman ya fara bayanin yadda shari'a ta tsara, sai ƙanena ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, shagon ba ya cikin gado. Ni na gina shi, Baba aro na ba shi."

Liman ya tambaya ko akwai takarda, ya ce babu. Ya juya wajen ƙanwarmu, ta ce, "Ni ina Zariya aka yi ginin, Malam. Duk abin da Yaya ya faɗa shi ne."

"To wa zai yi maka shaida?" in ji Liman.

Ƙanena har murmushi ya yi, irin na wanda aka yi wa tambaya mai sauƙi. Ya nuna ni ya ce, "Ga Yaya nan. Shi na ba kuɗin."

Kowa ya zuba mini ido. A wannan ɗan lokacin na tuna ginin da na fara a wani fili, wanda ya shekara uku a tsaye ba rufi. Na tuna albashin da ba ya zuwa kan lokaci. Na tuna muryar Baba yana sa wa ƙanena albarka. Sai na ji bakina yana cewa, "Gaskiya, Malam, ni ban riƙe wannan maganar ba. Na dai san an yi gini lokacin Baba yana raye."

Na zaci zai tashi da faɗa, har na shirya abin da zan mayar masa. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Yaya, ba ka riƙe ba?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

"Shi ke nan, Malam," in ji shi. "A haɗa duka a raba."

Haka aka yi. Aka sayar, kowa ya karɓi nasa. Ƙanena ya sa hannu a takardar ba tare da ya karanta ba, ya yi wa dattawa sallama, ya fita. Ni kaɗai ne bai yi wa sallama ba.

Ranar da zan miƙa makullai ta zo daidai da ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati. Unguwa ta cika da ƙarar rediyo, matasa suna zagaye a kan babura suna ihu. Ni kuwa ina cikin gidan da ba komai sai ƙusoshi a bango da alamar inda gadon Baba ya daɗe a ajiye. Na shiga kowane ɗaki na tsaya. Na yi ta sauraren ko zan ji takun ƙanena ko muryar ƙanwata, ba wanda ya zo. Da na fito, mai hayar shagon yana ɗaure kayansa a kwali, domin sabon mai gida ya ba shi notis. Ya ɗago ya ce, "Ticha, Baba ya gaya mini da bakinsa, direba ne ya gina wannan wuri. Me ya sa ba a kira ni ba?"

Na ce masa ai magana ta wuce. Ya girgiza kai, ya ci gaba da ɗaurinsa.

Na rufa gidana da kuɗin, na tare da iyalina. Amma ban taɓa jin daɗin kwanon nan ba. In ruwan sama ya sauka a kansa sai in ji kamar ana kiran sunana. Ƙanwata ta samu labarin gaskiya daga baya, ban san ta bakin wa ba. Ba ta taɓa tuhumata ba, ta dai daina sauka a gidana in ta zo Kaduna. Sallah ta farko na sa aka yi abinci mai yawa kamar yadda muka saba a gidan Baba, na zauna a ƙofa da sabbin kaya har la'asar. Yarana suka yi ta tambaya ina Kawu, na ce yana hanya. Matata ta rarraba abincin ga maƙwabta.

Sau biyu ina hawa mota zuwa Rido, ina hango jerin tankoki sai in sauka in tsallaka titi in koma. Me zan ce masa? Shekara ta bi shekara a haka. Abokai ina da su, ɗalibai suna gaishe ni da girmamawa, amma ba ni da wanda zan ce wa, "Ka tuna lokacin da Baba ya yi kaza?" ya yi dariya tare da ni.

Sai bayan shekaru bakwai ƙanwata ta aiko mini cewa ciwon baya ya hana shi tuƙi, yana zaman gadin motoci a wani gareji a Ridon. Wato lokacin da ya yi tanadin shagon dominsa ya zo, shagon kuwa yana hannun wani.

Na same shi da rana tsaka a kan benci a inuwar wata tanka, ya rame, furfura ta fito masa kafin tawa. Yana ganina ya yunƙura da ƙyar ya miƙe ya ce, "Yaya, sannu da zuwa." Wannan miƙewar ta fi zagi zafi a wurina.

Ban zauna ba na ce, "Kai ka gina shagon. Ni ka ba kuɗin, kuma ban manta ba ko na rana ɗaya."

Ya ce, "Ai na sani, Yaya. Ba ni nake buƙatar ji ba. A gaban Malam na so ka faɗa, ga shi ya tafi yana ganin maƙaryaci ne ni."

Liman ya shekara biyu da rasuwa a lokacin, dattawan nan biyu ma duk sun riga shi.

Na mayar masa da haƙƙinsa a hankali, ƙanwarmu ma ta mayar da abin da ya shiga rabonta. Ya karɓa, ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda ya yafe. Muna gaisawa yanzu, yana zuwa sunan jikokina, ina zuwa duba shi. Amma gaisuwar ta mutunci ce, irin wadda ake yi wa maƙwabcin kirki. Bai ƙara ba ni ajiyar ko allura ba.

Abin da na koya shi ne, kuɗin ɗan'uwa ana iya mayar masa ko bayan shekaru, amma gaskiya tana da lokacinta da wurinta. In aka tambaye ka ita a gaban mutane ka ɓoye, wata rana za ka so faɗa, ka tarar waɗanda ya kamata su ji ba sa nan.