Kofi Goma Sha Ɗaya a Zauren Mai Gidan Haya

Shekarata goma sha tara a Dubai aka ba ni bizar zama ta shekara goma, wadda ake wa kirari da ta zinare. Ranar da ta fito kaina ya kumbura. Na ce wa matata magana ta ƙare, saura taki ɗaya mu zama 'yan ƙasa. Tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Allah ya ja zamanin Shehin unguwar Karama.”

Ba don kaina nake wannan haƙilo ba, don 'yata ne, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata gare ta. A nan aka haife ta, a nan ta yi rarrafe, in ranta ya ɓaci da Larabci take masifa. Sau uku ta taɓa zuwa Kano. Amma zamanta a rataye yake da takardata, ni kuwa tun da likita ya fara yi mini zancen hawan jini yana girgiza kai, tsoro ya kama ni. So nake ta sami tata takardar, wadda ba ta da ranar ƙarewa.

To, injiniya ne ni, amma kafin nan Bakano ne. A gida in kana son shaidar zama ɗan gari, mai unguwa kake fara gani, ya miƙa ka ga dagaci, dagaci ya miƙa ka gaba. Na ce ai ko'ina haka ne. Na sayi ƙaton fayil na shiga tara wasiƙun shaida. Limamin masallacinmu ya rubuta cewa ba na fashin jam'i, Allah ya yafe mu ni da shi. Shugaban Hausawa kuwa uku gare mu, kowanne na cewa sauran biyun 'yan tawaye ne, sai na karɓi ta kowa. Na je unguwar Satwa wani tela ya ɗinka mini farar jallabiya irin tasu mai igiya a wuya. Da na sa, matata ta zagaya ni sau biyu ta ce tumbin dai na Fagge ne.

Na ɗauki fayil na kai shagon cike takardu da ke ƙasan benenmu. Mai shagon, wani tsohon Ba'indiye, ya jujjuya wasiƙuna kamar mai duba tumatir.

“Habibi, babu fom ɗin wannan,” in ji shi. “Ba nema ake ba. Manya ne ke zaɓar wanda suka ga dama. Ni na girme ka a garin nan, ga ni ina sabunta biza.”

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni abin da ya shiga kunnena kawai shi ne manya ke zaɓa. Ashe ma kamun ƙafa ne! Ai wannan sana'armu ce tun kakanni.

Babba ɗaya na sani, shi ma a takardar haya: dattijon da ya mallaki benen da muke ciki. Na yi ta naci har aka ce in zo zaurensa ranar Juma'a bayan la'asar. Na riƙo kilishi da turare da fayil. Sai da na cire takalmi a bakin ƙofa wani abu ya faɗo mini, wai shekara goma sha tara ban taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ba. Kunya ta kama ni, amma na maze.

Ɗansa, wani magidanci dogo, ya zo da butar gahawa ya tsiyayo mini 'yar kaɗan a gindin kofi. Na ce a raina, duk wannan arziki a yi rowar ruwan zafi? Na shanye na miƙa masa kofin. Ya sake zubawa. Na shanye na miƙa. Ya sake zubawa. Mu a gidanmu ba a mayar da abin da babba ya bayar, balle ka zo neman alfarma. Shi kuma bawan Allah yana tsaye a kaina, ba ya gajiya. A kofi na shida gumi ya karyo mini. A na tara zuciyata ta fara luguden daka. Mutanen zauren suka daina hira suna kallona da mamaki. A na goma sha ɗaya dattijon ya tausaya, ya ɗaga wa ɗan nasa hannu.

Da sauran numfashina na faɗi buƙatata, na tura fayil gabansa. Ya dafa shi, bai buɗe ba. Ya ce, “Ɗana, kai baƙonmu ne, baƙo kuwa a bisa kanmu yake.” Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya turo mini fayil ɗina da kwalin dabino a kai. Wallahi ban taɓa ganin an ce a'a da ladabi haka ba, har godiya na yi.

Na dawo gida da fayil ɗina da dabino. Ina ba su labari, Mamana ta kife a kujera tana dariya har da hawaye.

“Abba! Kaɗa kofin ake yi!” Ta ɗauko kofi ta ɗan girgiza shi da yatsu. “Haka. Khalas, na ƙoshi ke nan. In ka miƙa kawai, cewa ka yi a ƙara. Tun ina aji biyu na sani.”

Uwarta ta ce ai da ita aka tura.

Da dariyar ta lafa, Mamana ta tambaye ni abin da dattijon ya ce. Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage ba. Ta shiga juya kofin a hannu, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Can ta ce, da 'yar Hausarta mai karkacewa, “Abba, to a Kano, in mutum ya ƙoshi, yaya yake yi? Gara ka fara koya mini.”