Hannun Yaaba Sibdu

A bayan kasuwar Kudugu, inda masu burkutu suka jera tukwane, akwai wata tsohuwa da ake kira Yaaba Sibdu. Siririya ce, hayaƙi ya rine mata idanu, a rumfarta kuwa ba kowa sai ƙore a kife.

Ta dafa gasarar tsiron dawa, tana jira ta huce kafin ta mayar da ruwan da ta tsiyaye daga kanta kafin dahuwa. In aka haɗa da zafi, zaƙin ya mutu, giyar ta tashi salam. Da hannu ake ganewa, kuma da alama nata ya yi tashe a da.

"Yaaba, ta jiya giya ce ko ruwan wanki?" in ji maƙwabciyarta, tana dariya.

"Uwarki ma a nan ta koyi riƙon muciya."

Sai Yaaba ta tsoma hannu cikin tukunyar. Tururi na tashi, fata na saluɓewa, ita ko gezau.

"Ta huce," in ji ta.

Dariyar maƙwabciyar ta ɗauke. An rasa mai bakin gaya mata cewa hannun ya daina ji. Ga ta nan tana juye ruwan a tsanake, cikin gwaninta, tana ɓata giyar gobe.