Baffa Ya Ce Ya Ƙoshi

Maigidana ne ya kawo shawarar, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta, shi ya sa har yau na kasa jin haushinsa yadda nake so. Ya ce tunda yara sun samu hutu, mu tafi bakin teku kwana bakwai, mu ɗauki Baffa shi ma ya sha iska. Baffa mahaifina ne. Ya haura saba'in, kuma in ban da aikin Hajji bai taɓa yin nisa da shanunsa da ke wajen Miga ba. Ƙanena na aika ya tambaye shi, don ni 'yar fari ce, ba ma doguwar magana da shi, ko sunana ba ya kira. Amsar da ta dawo ita ce "to". Na ɗauka yarda ce. Ni da na tashi a gidan ya kamata in san Baffa ba ya ce wa suruki a'a.

Daga Dutse muka yi Kano, muka hau jirgi biyu, sannan wata doguwar mota ta sauke mu a ƙofar otal ɗin. Otal dai aka ce, amma gari ne guda aka zagaye da katanga ta gefe uku, teku ya rufe na huɗu. Tun a bakin ƙofa aka ɗaura wa kowa wata roba a wuyan hannu, aka ce da ita za a ci, da ita za a sha, kuma ba a cirewa sai ranar tafiya. Baffa ya miƙa hannu aka ɗaura masa, ya daɗe yana kallonta. Wajen katangar kuwa babu inda za ka, ba mu san hanya ba, ba ma jin yarensu.

Yara suka haukace da murna. Kududdufin wanka har uku, kiɗa tun safe, ga wasu matasa masu riga iri ɗaya da aikinsu kawai su hana mutum zama shiru. Baƙi kuma suna yawo kusan tsirara, ko a jikinsu. Baffa ya koma tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Abu ɗaya na ga ya ɗaga kai ya kalla, ciyawar da ake ba ruwa kullum, kore shar, sai a yanke ta da inji a zuba a buhu a jefar. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Ko ɗan maraƙi babu."

Abinci duk a wuri guda ake ci, wani ƙaton zaure mai cin ɗaruruwan mutane. Kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da yake so. Maigidana ya nemo mana teburi kusa da taga, ya ja kujera ya zaunar da Baffa a gefensa, ya cika masa faranti da kansa.

"Bismillah, Baffa. Ga kifi, ga naman rago, na tambaya, duk halal ne."

"Madalla, Allah ya yi albarka. Na ƙoshi."

Haka aka yi da rana, haka aka yi da yamma. Kashegari Baffa ya kurɓi shayi ya ce cikinsa bai saba da tafiya ba. Maigidana ya ce gajiya ce. Ni kuma ina can ina fama da yara, wannan ya zubar da lemo, wancan ya ɓace wajen wanka, ga zafi mai ɗanko da mayafina ke manne mini a jiki. Ni kaina na ƙosa da wurin tun kwana na biyu, ina ta ƙirga kwanaki a zuci ina murmushi a fuska, don kada a ce ban gode ba.

Sai a rana ta huɗu, bayan azahar, na leƙa ɗakin Baffa in karɓi kayan wanki. Na same shi zaune a kan sallaya, yana son miƙewa ya kasa, sai da ya dafa gado. A gefensa ga ledar dabinon da ya zo da ita daga gida, babu komai ciki sai ƙwallaye. Nan take na gane, kuma kunya ta kama ni. Baffa bai taɓa cin abinci a gaban suruki ba, balle a tsakiyar taro. A gida ana kai masa ƙwarya bukkarsa, a saki labule, a ba shi wuri. Na san wannan tun ina yarinya, shekarun da na yi a birni ne suka sa na manta. Kwana huɗu mahaifina yana zaune gaban tulin abinci da yunwa, ni kuma ina gefensa ina ɓare wa yara ƙwai.

Na fita a hankali don kada in ƙara masa kunya. Na koma zauren da sauri, na haɗa shinkafa da nama a faranti, da madara mai kauri a kofi, na nufi ƙofa. Wata ma'aikaciya ta tare ni, ta nuna mini allo, ba a fita da abinci. Raina ya ɓaci. Na fara yi mata bayani da Turanci, ta amsa da nata, babu wanda ya fahimci wani. Daga ƙarshe na shafa haɓata alamar gemu, na nuna ɗaki, na rufe fuskata da tafin hannu. Ta tsaya tana dubana. Sai ta ɗauko wani farantin ta kife a kan nawa, ta juya baya ta shiga goge teburin da ba shi da datti.

Na ajiye masa a ƙasa kusa da sallaya, na fita na ja ƙofa. A baranda na zauna, ina jin ƙarar cokali a hankali, ina kuka ba sauti. Da na koma ɗaukar faranti ya cinye tas. Bai dube ni ba, bango ya kalla ya ce, "Ke, kada mijinki ya ji. Yaron nan ya yi ƙoƙari."

Na so in gaya wa maigidana. Na so in ce mu tattara mu koma gida a ranar. Amma jirgi sai ranar da aka rubuta, kuma Baffa ya riga ya ɗaure mini baki. Sauran kwana ukun haka na yi su, sau uku a rana ina fakon idon maigidana, in saka faranti ƙarƙashin mayafi in bi bayan kicin kamar ɓarauniya. Baffa kuma bai fasa zuwa teburi ba, ya zauna a kujerarsa, a cika masa faranti, ya sa albarka.

Da muka sauke shi a ruga, ya riƙe hannun maigidana da hannu biyu ya yi masa godiya mai tsawo, har da cewa bai taɓa ganin abinci irin na wurin ba. Bai yi ƙarya ba, gani ya ce. Maigidana ya ji daɗi ƙwarai. Har yanzu in baƙi suka zo yakan ba su labarin yadda Baffa ya more tafiyar nan, kuma bana ya fara cewa mu sake kai shi.